Ƙailular Kaka

A gidanmu na Damagaram, bayan azahar kowa kan miƙe a inuwa. Kaka tana kiran wannan barci ƙailula, kalmar da Hausa ta aro daga Larabci. Mutanen Sifen suna ce masa siyesta, daga Latinanci, wato sa'a ta shida ta yini. Da mu da su, zafin rana ne malaminmu.

Da na zo karatu Yamai, sai na ɗauki ƙailula lalaci ce. Na bar ta, na rage barcin dare, ina bita da shayi da burodi har ƙarfe biyu. Cikin shekara guda tufafina suka matse ni. A gida aka yi murna: "Birni ya karɓe ka!" Likita kuwa da ya auna jinina, kai ya girgiza.

A da na zaci haɗama da son jiki kaɗai ke kawo ƙiba, sai na karanta binciken jami'ar Shikago na 2004. An taƙaita wa samari barci zuwa awa 4, dare biyu. Sinadarin ƙoshi, leptin, ya ragu a jininsu, na yunwa ya ƙaru.

Yanzu ƙarfe goma nake kashe fitila. In na je gida kuma, kusa da tabarmar Kaka nake shimfiɗa tawa.