Wasiƙa zuwa Kwatano kan jinyar Inna

Gaya, 12 ga Fabrairu 2025

Aminiyata,

Ya kasuwa, ya kuma haƙurin nisa da gida? Mu nan lafiya lau, sanyi ya fara ja da baya, da rana har an soma neman inuwa.

Saƙonki ya iso. Kin ce in ba ki shawara, tunda an sallamo Inna daga asibiti kuma ɓarin jikinta da ya shanye bai saki ba: a ɗauko malamin asibiti ya riƙa zuwa gida kullum, ko a samo mace ta zauna da ita? Na ga zuciyarki ta fi karkata ga malamin asibiti, kuma na gane dalili. Mutum yana nesa, babu abin da ke kwantar masa da hankali kamar ya ji an ce mai farar riga na shiga gidansu safe da yamma. To ni dai ra'ayina, fara da mai zama da ita. Inna ta fi buƙatar hannu a kan allura.

Ki duba yininta. Da asuba sai an tayar da ita, an kai ta bayi ko an sa mata fo, an taimaka mata da alwala. Sai wanka da canjin zane. Sai kunu, wanda dole a ba ta tana zaune sosai, kaɗan-kaɗan, domin mai irin wannan ciwo yana saurin ƙwarewa, abinci ya bi hanyar iska ya jawo ciwon huhu. Sannan juyi. Wannan shi ne abin da mutanenmu suka fi rainawa: wanda ba ya iya motsa kansa ana juya shi kamar kowane awa biyu, a duba ƙugu da gadon baya da dunduniya, in ba haka ba fata ta yi ja, ta ɓare, ta zama gyambo mai wuyar warkewa. Ga bazara tafe, kin san zafin Afrilu da gumin bakin kogi. Duk wannan ba aikin wanda zai zo da babur ya auna jini ya juya ba ne.

Kada ki ji kamar na ce a sallami malamin asibiti. Akwai abin da shi kaɗai ne zai taɓa: awon hawan jini da suga, wankin miki in ya fito, canza robar fitsari in an sa, duba ko magungunan da likita ya rubuta ana shan su yadda aka ce. A yi magana da ma'aikacin jinya na gaske, wanda aka san inda yake aiki, ya riƙa leƙowa ranakun da aka tsayar, a ajiye littafi yana rubuta abin da ya gani. Ranar farko ya zauna da mai kula da Inna ya nuna mata yadda ake ɗaga ta ba tare da an ja hannun da ya mutu ba, da yadda ake miƙar da gaɓoɓi kada su sandare. Ya kuma gaya mata alamun da ba a jira a kansu: baki ya ƙara karkacewa, magana ta rikice, zazzaɓi mai zafi, numfashi ya yi wuya. In an ga ɗaya, a nufi asibitin Gaya nan take. Dosso fa kusan kilomita 150 ne, Yamai kusan 300, ba tafiyar da ake tsirarta bayan abu ya ɓaci ba ce.

Abu guda nake roƙonki da babbar murya: ki hana ƙarin ruwa na ganin dama. Kin san halinmu, in ba a rataya wa majinyaci leda ba sai a ce ba a yi masa komai ba. Tsohuwa mai hawan jini, ruwan da ba likita ya ce a sa ba yana iya yi wa zuciyarta yawa. Haka ƙwayoyin da ake tallarsu a tire cikin rana, ko wanda maƙwabciya za ta kawo ta ce shi ya tayar da mijinta. Mai zama da Inna ba ta yin allura, ba ta ƙara magani, ba ta ragewa.

Batun kuɗi kuwa, da ɗan sauƙi ta wani gefen. Tun 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da awo da kwanciya a asibitocinta da rabi, don haka kai Inna a duba ta lokaci-lokaci bai kai tsadar da ba. Zuwan ma'aikaci gida kuma yarjejeniya ce tsakaninku da shi, a faɗi kuɗin tun farko.

Yanzu ga maganar da na san ba za ki so ji ba. Yayanki ya ce mene ne na ɗauko bare alhali ga matarsa a gida. Baiwar Allahn nan tana da goyo, ga girki, ga 'yan makaranta, ga tashin dare. Tana yi, kuma ba ta taɓa buɗe baki ba, amma idonta ya faɗa. In ta kwanta, majinyata sun zama biyu. Ɗauko mai taimako ba ya rage muku ladar biyayya ga mahaifiya, kuma masu cewa 'ya'yanta sun gudu sun bar ta da 'yar aiki ba su ne ke wanke zane da tsakar dare ba. A nemi mace mai hankali wadda ta manyanta, kada a kawo ƙaramar yarinya da ba za ta iya ɗaga ta ba. Ta zama mai jin Dandanci, domin Inna da shi take hira in ranta ya yi daɗi, mai kuma rufa asiri, tunda za ta ga tsiraicin dattijuwa. A biya ta a kan lokaci, a ba ta ranar hutu, ranar nan dangi su karɓa.

Na san rabonki da zuwa ya daɗe. Tun juyin mulkin Yulin 2023 gadar Malanbil da ke kan iyaka take rufe, sai kwale-kwale, da kuɗinsa da fargabarsa. Ba wanda ya ga laifinki. Amma azumi ya rage ƙasa da mako uku, kuma Inna ta riga ta ce za ta ɗauka. Da ciwonta da magungunanta, sai likita ya yi magana, malam kuma ya tunatar da ita sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya da tsoho. Daga bakinki za ta fi karɓa.

Ki kira yayanki ku tsayar da magana cikin makon nan, ki sanar da ni in fara cigiyar matar. Kuma ki riƙa kiran Inna da hantsi, lokacin ne ta fi sakewa. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ki gaida maigida da yara.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Gaya