Kudancin Kaduna Daga Tsakiyar Ruwa

Mu mutanen Kaduna ba mu da teku, kogi Allah Ya ba mu. Sai dai akasarinmu ta tagar mota muka san shi, muna bisa gada, kowa ya ƙosa a haye.

A Kakuri na tashi, inda aka buɗe babbar masaƙa ta farko a Arewa cikin 1957. Jiniyar canjin aiki ita ce agogonmu, Bahaushe da Bajju da Tibi duk ƙofa ɗaya suke shiga. Daga rikicin 2000 ne kogin nan ya zama iyaka, maƙwabta suka ɗaure kaya, kowa ya nufi gaɓar da zai iya runtsawa. Mu dai muka tsaya.

Wata Asabar na kai yara shan iska lambun Gamji. Muka taka gadar Lugga wadda aka ɗauko daga Zungeru a 1954, sannan muka shiga kwale-kwale. Jama'a, daga tsakiyar ruwa garin wani iri ne! Dama da hagu duk masu lambu ne da masu wanki da masu ɗibar yashi. Autata ta dubi nan, ta dubi can, ta ce, "Baba, wanne ne ɓangarenmu?" Sai da mai tuƙi ya nuna mata da filafili.

'Yan'uwana marubuta, mun daɗe muna rubuta garin nan daga bakin ƙofar gidajenmu. A daure a shiga ruwa a dube shi.