Ranar Da Aka Ƙwace Mini Alƙalami

Ku yi haƙuri, wannan makon ba ci gaban littafi na kawo muku ba, wani abu ne ya same ni.

Ɗan yayana ne ya ja ni. Ya ce, "Gwaggo, ke da kike rubuta littafi, ki zo ki shiga wasanmu mana." Na zaci irin na harbe-harben kwamfuta ne, ashe rubutu ne zalla. Mu biyar ne, kowa da mutum ɗaya tak da yake riƙe da shi a labarin, sai jagora wanda hanya da damina da 'yan fashi duk suke hannunsa. Shi zai rubuto halin da ake ciki, kowa ya turo abin da nasa mutumin ya yi, ko da bayan kwana biyu ne. Yaron ya ce tushen abin Amurka ne, daga Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, wanda ake yi a zaune gaba da gaba. Wasa ta wasiƙa kuwa ya girme shi, don tun 1963 akwai masu buga Diplomacy ta gidan waya.

Namu labarin ayarin fatake ne daga Kano zuwa Gwanja sayo goro. Aka ce in fara da bayanin mutuniyata: sunanta, abin da ta iya, da rauninta. Na ƙirƙiro Dije, bazawara mai jaki uku na kanwa, ga baki, amma tana tsoron ruwa.

Da layi ya zo kaina na zage na cika shafi. Dije ta yi wa madugu tatas, na sa ya sunkuyar da kai ya ba ta haƙuri. Ashe na yi ɓarna. Madugun na wata yarinya ne da na haife ta. Jagora ya rubuto cikin ladabi, "Mama, Dije ce taki. Abin da madugu zai ce, mai shi ce za ta faɗa." Wallahi sai da na ji zafi. Ni da na shekara 20 ina aurarwa, ina sakin aure, ina kwantar da kishiya a asibiti cikin shafi ɗaya, yau an hana ni bakin mutum guda!

Na goge, na tsaya daidai inda Dije ta rufe baki.

A bakin kogin Kwara aka jefa mini ƙwaya, irin ta lido amma mai fuska 20. Na samu 3. Jaki ɗaya ya tafi da kanwarsa. Kwana biyu ina duba waya, har miya ta kusa ƙonewa, ina jiran madugu ya zo ya lallashe ta, don da ni ce haka zan rubuta. Da amsa ta zo, madugu bai ko jajanta ba. Cewa ya yi zai sayi ragowar kanwar a rabin kuɗi, in ba ta so ta koma Kano ita kaɗai. Na daɗe ina kallon rubutun nan. Ban san me Dije za ta ce ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba.

Abin da ya hana ku ci gaban littafi ke nan. Na buɗe babi na 9, inda Alhaji zai durƙusa ya roƙi uwargida gafara, sai na kasa. Mutumin da na siffanta muku tun babi na 1 ba zai durƙusa ba. Har yanzu yana nan tsaye a ƙofar ɗakinta.