Yatsu Huɗu Masu Aiki

Ran da aka haifa wa yayana ɗansa na fari a garinmu Kashin Zama, cikin ƙasar Aliero, ungozoma ta fito jiki a sanyaye. Yaro dai lafiyayye, amma babban yatsansa na dama bai cika ba. Ɗan guntun nama ne da farce, yana reto a jikin 'yar fata kamar ɗan kunne.

To, kowa ya san Aliero da abu biyu, albasa da ɗori. Saboda haka bayan arba'in muka kai shi wurin wani tsohon maɗori. Ya juya hannun, ya lalluba, ya ce wa yayana, "Ɗana, ɗori sai da ƙashi. Nan ba abin da zan haɗa. Ku tafi asibiti." Har yau ina ganin girman dattijon nan.

A asibiti likita ya fara duba zuciyar yaro da ƙodarsa da jininsa, domin irin wannan tawaya takan zo tare da ciwo a waɗannan wurare. Alhamdu lillahi, ba a sami kome ba. Sa'an nan ya ce tun da yatsan ba shi da gaɓar da zai tsaya a kai, sai dai a cire shi. Daga nan a ɗauko manuni tare da jijiyoyinsa, a rage tsawon ƙashin gindinsa, a juya shi ya fuskanci sauran yatsu, ya zama babban yatsa. Ya ce an fi son yin aikin yaro yana shekara ɗaya zuwa biyu, don ya taso da sabawa.

Da muka koma gida sai magana ta tashi. Kakarmu ta ce, "Allah Ya ba shi biyar, ku ku mai da su huɗu? In ya zauna tahiya, da wane yatsa zai yi nuni?" Yayana ya rasa ta cewa. Aka juyo kaina, wai ni ne ɗan jami'a.

Na koma makaranta na bincika. Ashe aikin ba sabo ba ne. Wani likitan Jamus, Dieter Buck-Gramcko, ya ƙware a kansa bayan maganin talidomaid, wanda aka janye daga kasuwa a 1961, ya sa an haifi dubban yara da tawayar hannu. A 1971 ya buga bayanin aiki 100 da ya yi. Likitoci kuwa sukan ƙiyasta cewa babban yatsa shi ke ɗauke da kashi 40 cikin 100 na aikin hannu.

Amma na san lissafi ba zai shiga kunnen Kaka ba. Da na zo hutu sai na ɗaure babban yatsana da tsumma, na zauna gabanta cin tuwo. Loma ta ƙi yankuwa, miya ta ɓata mini riga. Na gwada ɗaukar allura, na kāsa. Ta yi ta dariya, can kuma ta yi shiru. Da gari ya waye ta aika aka tambayo liman, ya ce neman magani halal ne, kuma Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Ta kira yayana ta ce, "Ku kai shi, Allah Ya sa a dace."

Aka sayar da albasar shekara da bijimi guda a kasuwar Jega, aka yi aiki. Yanzu yaro yana makarantar allo, yana riƙe alƙalami da damansa. Mutane da yawa ba su ma lura yatsunsa huɗu ne, sai sun ƙirga.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in kun je hutu kuka ga jariri mai irin wannan hannu, kada ku ce ba ruwanku. Ku gaya wa iyayensa su kai shi asibiti da wuri, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.