Abinci a Matsayin Lada da Lallashi a Gidajen Yamai

A gidaje da yawa na Yamai, abinci yana da aiki biyu bayan kashe yunwa: da shi ake biyan yaro in ya yi abin kirki, da shi kuma ake rufe masa baki in ya yi kuka. Wanda ya ci jarrabawa a lakol, a saya masa lemun kwalba ko madarar Solani mai sanyi. Wanda ya ƙi tsayawa a yi masa allura, a damƙa masa dala biyar ya ruga wurin mai tebur ya sayo alewa. Manya ma ba a bar su a baya ba: ranar da albashi ya shigo a biya wurin mai kilishi, ranar ɓacin rai kuma a huce kan tsire.

Wannan ɗabi'a ba daga sama ta faɗo ba. Nijar ta sha farin 1973 zuwa 1974, ta ga yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, sannan ƙarancin abinci na 2005 da ya fi tsanani a yankunan Maraɗi da Damagaram. Kakar da ta taɓa ganin rumbu wayam ba ta da wata hanyar nuna ƙauna da ta wuce ta ce wa jikanta, “Ƙara, ɗan nan, ba ka ci komai ba.” Shi ya sa ake ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Zabarmawa suna da al'adar hangandi, inda mace kan ci ta yi jiki don a san mijinta na kula da ita. Har yau wasu ƴan mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, alhali wasu daga cikinsu, irin dexamethasone, suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari.

Illar lada da abinci tana cikin abin da take koya wa yaro. Binciken da Leann Birch da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 1980 ya nuna cewa abin da aka ba yaro a matsayin lada, son sa yakan ƙaru a ransa. In aka ce masa, “Cinye tuwonka ka samu biskit,” ya gane ke nan tuwo wahala ne, biskit ne riba. Wanda kuma ake toshe wa kuka da zaƙi yakan girma bai iya rarrabe yunwar ciki da damuwar zuciya ba.

Sukari mai yawa ma sha ake yi, ba ci ba. A fadar samari, ana ɗora butar shayi kan gawayi, a zuba sukari, a yi ta ɗagawa ana zubawa har kumfa ya tashi. Na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da nasa zaƙin. Da azumi ga sukarin da ake kai wa surukai, ga zoɓo da kunu a wurin buɗa-baki. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin ƙari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, wato kusan giram 50 a yini ga babba. Kwalbar lemu ɗaya mai santilita 33 tana iya ɗauke da giram 35.

Musulunci ya riga ya kafa ma'auni. Suratul A'araf ta halatta ci da sha ta hana ɓarna, hadisin da Tirmizi ya ruwaito kuma ya raba ciki uku: abinci, ruwa da numfashi. Sai dai a ƙasar da tamowa ke damun yara masu ɗimbin yawa, tsaka-tsaki ba ya nufin a rage wa yaro tuwo, wake, ko kwaɗon zogale. Abin da ake ragewa shi ne zaƙin da ake yin ciniki da shi. Yaron da ya yi ƙoƙari, yabo a gaban babansa, tatsuniya da dare, ko yawo zuwa gidan tarihi na Boubou Hama su ma lada ne. Wanda ke kuka kuwa sau da yawa goyo yake nema, ko a tambaye shi abin da ya same shi.