Inda Ake Sayar da Fuska

A unguwar Doctores ta birnin Meksiko, inda tituna ke ɗauke da sunayen likitoci, akwai wani katafaren zauren kokowa da ake kira Arena México. An buɗe shi a 1956, yana cin mutum fiye da 16,000, kuma a cikinsa aka yi damben gasar Olamfik ta 1968. Ranar Juma'a da almuru, tun kafin ƴan kallo su gama shiga, titin da ke gabansa kan rikiɗe ya koma kasuwa. Ƴan tebur su baje haja, a rataye fuskoki ɗaruruwa a jere: farare masu walƙiya kamar azurfa, shuɗɗa, jajaye masu ƙaho, wasu da zanen kifi, wasu da zanen ƙoƙon kan mamaci. Uba ya tsaya yana taya wa ɗansa ɗaya, mai tebur yana cewa albarka. Wanda ya saba da Kasuwar Dole ta Damagaram ba zai ga wani baƙon abu a cinikin ba. Hajar ce za ta tsayar da shi.

Tun daga sunanta ma ɗalibin harshe zai fara tuntuɓe. Mutanen can suna ce mata máscara, Hausa kuwa ba ta tanadi kalma guda da ta yi mata daidai ba. Takunkumi na bakin dabba ne, ko da yake annobar korona ta ara wa mutane shi na ɗan lokaci. Niƙabi yana da nasa hurumi. Amawali ya fi kusa ta fuskar daraja, domin duk wanda ya zauna da Buzaye a Tawa ko Agadas ya san cewa namiji kan rufe fuska saboda mutunci, ya kuma san nauyin a fizge masa rawani a bainar jama'a. Sai dai amawali yana barin idanu da karan hanci su faɗi ko wane ne, wannan kuwa tana haɗiye kai ɗungurungum, a ɗaure ta da igiya ta ƙeya. A kira ta hular fuska, kafin a sami wanda ya fi.

Kokowar da ake sa ta dominta ita ce wadda masu jin Faransanci suka sani da catch, ƴan Meksiko kuma ke kira lucha libre. An san wanda zai yi kaye tun kafin a shiga fili, ƴan kallo ma sun san da haka. Roland Barthes ya buɗe littafinsa Mythologies na 1957 da maƙala a kan wannan wasa, inda ya nuna cewa mai tambayar ko gaskiya ne ko shiri ya ɓata tambayarsa, domin jama'a sun zo kallon alamomi ne: mugunta da ta fito ƙarara, azaba da aka kambama, sakayya da ta zo a kan lokaci. A Meksiko an raba ƴan wasan gida biyu, técnico mai bin ƙa'ida da rudo mai keta ta, kuma sau da yawa launin hula da zanenta sun riga sun sanar da ɗan kallo gidan da mutum ya fito kafin ya ɗaga hannu.

Asalin sana'ar ɗinkin hular yana hannun baduku. Salvador Lutteroth ya kafa kamfanin kokowarsa a 1933, wanda a yau ake kira CMLL, kuma babu kamfanin kokowar da ya girme shi cikin waɗanda ke aiki har yanzu. Shekara guda bayan haka wani Ba'amurke mai suna Cyclone Mackey ya nemi a yi masa abin rufe kai da abokin karawa ba zai iya cirewa cikin sauƙi ba. Wanda ya karɓi aikin shi ne Antonio Martínez, maɗinkin takalma ɗan asalin León, garin da ya yi suna a aikin fata. Har gobe hular tana ɗauke da shaidar wannan asali, gama ta baya akwai ramukan igiya jere biyu, da harshe a ƙarƙashinsu, tamkar an sa wa kai takalmi. Zuriyarsa ta riƙe kantin da sunan Deportes Martínez, sana'ar kuma ta haifi kalmarta, mascarero, wato maɗinkin hular fuska, da ɗafin nan na -ero da Sifaniyanci ke gina sunan mai sana'a da shi, kamar yadda Hausa ke yi da ma- a maƙeri da majemi.

Hajar hawa-hawa ce. A ƙasa akwai ta yara, mai araha, wadda ake ɗinkawa da yawa a sayar a bakin titi. Sama da ita akwai wadda suke kira semiprofesional, mai ɗan kyan yadi da ɗinki. Sai profesional, wadda ta fito daga hannun maɗinkin da ke yi wa ɗan kokowar kansa aiki, a kan awon kansa. Can ƙololuwa kuma akwai luchada. Kalmar sifa ce da aka ciro daga aikatau luchar, yin kokowa, ma'anarta wadda aka yi kokowa da ita. A nan ne ƙa'idar kasuwa ke juyewa. A ko'ina tsohon tufafi gwanjo ne, yagewa da tabo suna karya masa kuɗi. Ita luchada kuwa, yagar da abokin karawa ya yi mata a gefen ido, da gumin da ya dafe ta, da jinin da ya bushe a goshi, su ne ke ɗaga farashinta, musamman idan mai ita ya sa hannu kuma an san daren da aka yi wasan. Masu tara irin wannan kaya sun yawaita har a Japan, inda Mil Máscaras ya fara zuwa a 1971 ya saye zukatan yara. A unguwar Sugamo ta Tokyo akwai kanti mai suna Toudoukan da ke ajiye irin waɗannan huluna cikin akwatunan gilashi kamar kayan gidan tarihi, sai dai kowace da kuɗinta a jiki.

Me ya sa ƙyalle zai kai haka? Amsar tana cikin wata al'ada da suke kira lucha de apuestas, kokowar caca. Idan gaba ta yi tsami tsakanin ƴan wasa biyu, sai kowa ya sa hularsa a faifai. Wanda aka kayar zai tsaya a tsakiyar fili, ya kwance igiya, ya miƙa hular ga wanda ya kayar da shi, sannan a shelanta sunansa na yanka, da garin haihuwarsa, da shekarun da ya yi yana kokowa. Hukumar da ke kula da wasan a birnin ba ta yarda ya koma ya sa ta a matsayin wancan mutum na da. Ga misali mai kyau na abin da J. L. Austin ya kira furucin da shi kansa aiki ne, irin na ɗaurin aure ko raɗin suna: da faɗar sunan, wani abu ya ƙare wanda ba ya dawowa. Kayen shiri ne, amma asarar ta gaske ce, kuma a wannan gaɓa kaɗai bayanin Barthes ya gaza kaiwa. Ranar 17 ga Maris 2000, a Arena México, Atlantis ya raba Villano III da hularsa, jama'a suka ji a karon farko daga bakin fili cewa sunansa Arturo Díaz Mendoza. Manyan mutane sun yi hawaye a kujerunsu a wannan dare.

Wanda ya kafa wa hula wannan kwarjini shi ne El Santo, wato Waliyyi, ko da yake a gidan miyagu ya fara. Rodolfo Guzmán Huerta ya ɗauki sunan a 1942, ya yi shekara 40 yana kokowa da fina-finai sama da 50 ba tare da jama'a sun ga fuskarsa ba. A farkon 1984, cikin wata hira ta talabijin, ya ɗaga hular na ɗan lokaci ba tare da ya sanar da kowa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 5 ga Fabrairu, ya rasu, aka binne shi da ita. Ɓoye suna ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya tashi ya ga uwa ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗar na mijinta. Abin da zai ba shi mamaki shi ne a ce sakayawar ta zama jari.

Da zarar ta zama jari kuwa, tambayar wa ya mallake ta ta taso, kuma babu labarin da ya fi na La Parka fito da ita fili. Antonio Peña, wanda ya kafa kamfanin AAA a 1992, shi ya ƙago siffar: ɗan kokowa cikin baƙaƙen kaya masu zanen ƙwarangwal, mai rawa da barkwanci. Sunan daga la Parca yake, mutuwa, kalmar da ta samo asali daga allolin ƙaddara na Rumawa, sai aka musanya c da k. Adolfo Tapia ne ya sa kayan, ya hura musu rai da tafiyarsa da rawarsa, har jama'a suka kasa raba su. Da ya tafi aiki Amurka a 1996, kamfani ya ɗinka wa wani mutum, Jesús Escoboza, irin kayan. A 2003 rikici ya kai gaban shari'a, aka hana Tapia sunan da shi ya raya.

Dabarar da ya yi ta cancanci a kawo ta aji. Ya koma kiran kansa L.A. Park, ya ce harufan farko taƙaitawa ce ta La Auténtica, ta ainihi. A rubuce sabon suna ne, kuma lauya ba shi da abin kamawa. Amma sunan harafin K a Sifaniyanci ka ne, kamar yadda yake a Faransancin da aka koya wa kowa a lakwal. Wanda ya haɗa L da A ya karanta su la, ya karanta Par, sannan ya kira harafin ƙarshe da sunansa, zai ji bakinsa ya furta La Parka. Doka ta tsare rubutu, shi kuwa ya fice ta ƙofar furuci. Irin wannan ya faru da Místico, wanda ya bar CMLL a 2011 ya zama Sin Cara, Marar Fuska, a kamfanin WWE na Amurka. Ya dawo ya tarar an naɗa wani a sunansa, sai ya gutsuro Cara ya liƙa wa wutsiyar Místico ya zama Carístico, bai sake samun sunan farko ba sai a 2021.

Hausa tana da rabe-raben da ke warware wannan ƙulli fiye da yadda takardun kotu suka yi. Akwai sunan yanka, wanda aka raɗa da rago, ba mai ƙwace shi. Akwai laƙabi, wanda jama'a ke bayarwa ba tare da shawara da mai shi ba. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, filin kokowar Nijar bai rasa laƙabi ba, kuma babu hukumar da za ta wayi gari ta ce daga yau wani ne Langa-Langa, ko ta karɓe Issaka Issaka daga Kadri Abdu ta ba wani ɗan Doso. Ɗan kokowar nan yana shiga fili da fuskarsa a buɗe, abin da yake ɓoyewa yana cikin laya da guru. Na uku kuma sarauta ce: Galadima ya mutu a naɗa Galadima, ana naɗawa ana tuɓewa, rawani yana nan kawuna suna sauyawa. Kamfanonin Meksiko suna ɗaukar La Parka da Místico a matsayin sarauta, su ne kuma masu naɗi. Ƴan kallo da yawa suna ɗaukarsu laƙabi, na mutum ɗaya tak. A ganin mai adalci ƴan kallon sun fi kusa da gaskiya, domin zanen ƙwarangwal kowa na iya yin sa, tafiyar Tapia kuwa ba a ɗinka ta a kanti ba.

Kuɗin hajar shi ne ƙashin bayan gardamar. Ɗan kokowa ba ya daɗewa jikinsa ya gaji, abin da yake samu a dare ɗaya kuma sau da yawa bai taka kara ya karya ba, shi ya sa za a ga da yawansu sun kafa tebur bayan wasa suna sayar da hulunansu da hotuna da hannunsu. Hulunan bakin titi kuwa mafi yawansu kwaikwayo ne da ba ya kai masa ko sisi, ko da yake su ne ke sa yara su san shi. A Amurka, inda riga mai rubutu ta fi hula kasuwa, WWE ta saba raɗa wa sabon ɗan wasa sunan da ita ta yi wa rajista, don ranar da ya tafi ya bar shi a nan. Wannan ne ya ba kantin Pro Wrestling Tees na Shikago, wanda aka buɗe a 2013, muhimmanci: ɗan wasan da ya mallaki sunansa yana kai zanensa, a buga riga duk lokacin da wani ya saya, a ba shi kasonsa kai tsaye.

Jesús Escoboza fa, wanda aka ba aron suna? Ya yi fiye da shekara 20 cikin kayan ƙwarangwal, yara da yawa ba su san wani La Parka ba sai shi, amma bai daina jin masu ce masa jabu ba. A watan Oktoba 2019, a Monterrey, ya yi tsalle daga cikin fili zuwa waje, kansa ya bugi shingen ƙarfe, wuyansa ya samu mummunan rauni. Ya rasu a Janairu 2020 yana da shekara 54, kuma a sanarwar mutuwarsa ne mutane da dama suka fara jin sunansa na yanka. A 2025 kamfanin AAA ya fito da mutum na uku cikin kayan, a shekarar kuma aka ba da sanarwar cewa WWE ta sayi kamfanin, da sunayen da ke cikin rajistarsa.