Makullin Mota A Hannun Yaro

Na san wata za ta ce yau kuma me ya haɗa marubuciyar labaran soyayya da zancen lasisin tuƙi, alhali da yawanmu ko sitiyari ba mu taɓa riƙewa ba. To ki yi haƙuri ki karanta, domin ko ke ba kya tuƙi ɗanki zai tuƙa, ko ƙaninki, ko saurayin da zai faka a ƙofar gidanku ya ce ki shigo ya kai ki gidan biki. In kuwa tsautsayi ya gitta, ai mu mata mu ne masu jinya, mu ke shimfiɗa tabarma a gindin gado a asibitin ƙashi wata da watanni.

Yayata da ke aure a Toronto ta ƙasar Kanada ita ta fara ba ni labarin tsarin da suke bi a can, lokacin da 'yarta ta cika shekara 16. Su a jihar Ontariyo ba a miƙa wa sabon direba lasisi gaba ɗaya, hawa uku ne sai ya taka su ɗaya bayan ɗaya. Na farko suna ce masa G1. Za a gwada idon yaro, ya rubuta jarrabawar dokokin hanya, in ya ci a ba shi, amma fa ba zai tayar da mota shi kaɗai ba ko da nan da bakin layi ne. Dole a kujerar gaba a samu babba mai cikakken lasisi wanda ya shekara 4 yana tuƙi. Daga ƙarfe 12 na dare zuwa 5 na asuba ba shi ba sitiyari, kuma manyan titunansu da motoci ke sheƙa gudu an hana shi hawa. A haka zai yi wata 12, in ya shiga makarantar koyon tuƙi da gwamnati ta amince da ita a rage masa zuwa wata 8.

Sannan ya je gwaji a kan titi, in ya haye ya samu G2. A nan an sakar masa mara ya fita shi kaɗai, sai dai da sauran igiya a ƙafarsa. In shekarunsa ba su wuce 19 ba, to a wata 6 na farko tsakanin 12 na dare da 5 na asuba sa'ansa ɗaya kawai zai ɗauka, sai fa in 'yan gidansu ne, ko akwai babban direba a gefensa. Sai ya ƙara wata 12 ya sake wani gwajin, wannan karon har da babban titi, kafin a ce ya zama direba. Kin ga ke nan kusan shekara 2 ana kiwonsa. Yayata ta ce ita ce ta zama karen motar 'yarta, kasuwa tare, makaranta tare, tana gefe tana taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafarta tana salati.

Da farko dariya na yi, na ce Turawa dai da son wahalar da kai. Amma da na bi diddigin abin sai na ga lissafi ne suka yi. Sun duba inda yara ke mutuwa a mota sai suka tarar abu biyu ne kan gaba, dare da abokai. A shekarar 2012 wata cibiyar bincike ta ƙungiyar masu motoci ta Amurka ta fitar da ƙididdiga a kan direbobi 'yan shekara 16 da 17. In yaro ya ɗauki fasinja ɗaya da bai kai shekara 21 ba, haɗarin ya mutu a hanya na ƙaruwa da kashi 44 cikin 100. In su biyu ne ya ninka sau biyu, in uku ne ko fiye ya ninka sau huɗu. In kuwa wanda ke gefensa ya kai shekara 35, haɗarin raguwa yake da kashi 62 cikin 100. Mota ɗaya, yaro ɗaya, hanya ɗaya, wanda ke zaune a ciki ne kawai ya canza.

Wallahi wannan ko ba a rubuta ba duk uwa ta san shi. Yaron da in shi kaɗai ne kamar ka sa masa yatsa a baki ba zai ciza ba, bari abokai su cika mota, wannan ya ƙure kiɗa, wancan ya ce "kai dallah taka mana, ka bari wannan akwalar ta wuce ka?", wani kuma na ɗaukar hoto da waya. In akwai budurwa a ciki kuwa shi ke nan, sai abin da Allah Ya yi. Ba rashin iya juya sitiyari ne ke kashe su ba, wannan a mako biyu ake koyonsa. Abin da ba a koya a mako biyu shi ne ido, wato direba ya hango ƙwallo ta gangaro titi ya san akwai yaro a bayanta, ya ga mai adaidaita sahu ya ɗan karkata ya san tsayawa zai yi ba sigina, ya san yadda fitilar babbar mota ke kashe ido da dare. Wannan sai an daɗe a hanya, kuma hikimar tsarin ita ce yaro ya yi daɗewar nan a lokacin da kuskurensa ba zai zama ajalinsa ba.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne cikin waɗanda suka fara kawo shawarar akwai mace, wata mai bincike a jami'ar Karolina ta Arewa mai suna Patricia Waller, tun a shekarun 1970. Ƙasar Niyuzilan ce ta fara aiki da shi sosai a 1987, Ontariyo ta bi a 1994, jihar Fulorida ta Amurka a 1996, yanzu kuwa duk jihohin Amurka kowace da irin nata. A Kalifoniya sai iyaye sun sa hannu cewa yaro ya yi awa 50 yana tuƙi da babba a gefe, 10 daga ciki da dare. A jihar da birnin Sidni yake a Ostareliya kuwa awa 120 ne, 20 da dare, ana rubutawa ɗaya bayan ɗaya, sannan bayan ya ci gwaji ya liƙa jan harafin P a mota, daga baya ya koma kore.

Ba wai abin ba shi da inda ake kuka da shi ba ne. A jihar Niyu Jasi wata yarinya 'yar shekara 16 ta rasu a 2006 a motar da wani yaro ke tuƙawa, sai a 2010 aka fara aiki da dokar da ta tilasta wa sababbin direbobi matasa liƙa ɗan jan tambari a lambar mota don 'yan sanda su gane su. Iyaye da yawa suka ƙi, suka ce ai an nuna wa mugaye motar da yarinya ke ciki ita kaɗai ke nan. Ni dai a nan ina bayan iyayen, duk mai 'ya mace ta san wannan fargabar. Haka kuma wani bincike na 2011 a Amurka ya nuna a jihohi masu tsauri munanan haɗurran 'yan shekara 16 sun ragu, amma na 'yan 18 sun ɗan ƙaru. Ana zaton wasu yaran zama suke su jira su cika 18, tunda a jihohi da yawa daga nan dokar ta sake su, sai su hau titi ba koyon kirki. Ki riƙe wannan, domin ita ce ta fi shafar mu. Shekaru ba sa maye gurbin daɗewa a hanya.

Mu nan Nijeriya doka ta ce sai mutum ya kai 18, ya je makarantar koyon tuƙi, ya liƙa harafin L yana koyo, a gwada shi, sannan a ba shi lasisi, kuma tun 1988 muke da hukumar kiyaye haɗurra. Amma ni da na ji bayanin yayata ba hukuma na tuna ba, Babanmu na tuna, Allah Ya jiƙansa. Direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas. Yaran motarsa da wanki suke farawa, da duba ruwa da baƙin mai, da dirowa a guje a sa weji in an tsaya a hawa. Sai yaro ya shekara kafin a ce ya tayar da inji ya ɗumama shi da safe. Daga nan a bar shi ya gyara fakin a cikin tasha, sai wata rana da hantsi, mota ba kaya, hanya miƙaƙƙiya, Baba ya matsa gefe ya ce "zo ka riƙe." Tuƙin dare da kaya kuwa shi ne na ƙarshe, wani sai ya yi shekara huɗu ko biyar bai kai nan ba. Ashe abin nan muna da shi, ba a dai rubuta shi ba ne. Mu ma a kicin haka muke yi, wace uwa ce za ta miƙa wa yarinyar da jiya ta fara wanke-wanke muciya ta ce ta tuƙa tuwon suna? Amma ɗaya tuƙin, wanda ke ɗauke rai, shi ne muke miƙa makullinsa rana ɗaya don a ce ɗan gidan wane ya girma.

Bari in kawo ku cikin gidana. Mu biyu ne a wurin Alhaji, ni ce ƙarama. Babban ɗan uwargidana ya gama sakandare bara, ya cika 18, ya yi makarantar tuƙi ya karɓo lasisinsa, ba ta inda aka karya doka. A satin Alhaji ya ba shi makullin ƙaramar motar, ya ce daga yau shi zai riƙa kai yara makaranta da Islamiyya. Cikin yaran nan uku nawa ne. Yaro ne mai ladabi, ni na goya shi ma lokacin da na zo gidan, amma sau biyu ina leƙe ta taga na ga ya dawo da abokai huɗu a mota, ya shigo layi da gudun da har kaji suka watse.

Ke da kike zaune da abokiyar zama kin san inda gizo ke saƙar. Ɗan kishiya ne. Duk abin da na faɗa za a ce baƙin ciki nake don an ba ɗanta mota. Na kwana uku ina juya abin, ranar girkina na gaya wa Alhaji, sai ya yi dariya ya ce, "Ke dai da tsoro. Ni ina shekara 15 na fara jan motar Baba, ga ni har yau." Na ce, "Alhaji, motoci nawa ne a Kano a lokacin?" Ya ce in kawo masa shayi.

Sai na yi shahada na tafi ɗakin uwargida. Ban ce mata ɗanki ganganci yake ba. Na ce, "Yaya, wata magana ce ke cina, in na yi kuskure ki yafe mini." Na kwashe labarin Kanada na ba ta, da lissafin abokan nan, da yadda Babanmu ke yi da yaransa. Ta yi shiru har na fara tattara zanena zan tashi. Sai ta ce, "Ƙanwata, tun ranar da aka ba shi makullin nan ban yi barcin kirki ba. In na ji ƙarar mota a waje gabana faɗuwa yake. Na rasa yadda zan yi ne kada ubansa ya ce ina mayar masa da ɗa mace." Allah sarki, ashe kowaccenmu na ɗakinta tana fargaba ɗaya, kowacce na jin nauyin ɗayar.

Tare muka same shi, kuma kin san in mata biyu suka haɗa baki maigida ba ya da ta cewa. Aka tsayar da magana a kan wata 6. Tsohon direban Alhaji zai riƙa zama a gefensa duk fitar da zai yi da yara. Daga kiran magariba makulli ya koma ɗakin mahaifiyarsa. Aboki ko ɗaya ba zai hau ba, waya kuma a aljihu. Bayan wata 3 in direban ya ce hannunsa ya faɗa, a bar shi ya je aike shi kaɗai da rana a cikin gari, ban da hanyar Zariya, ban da ta Katsina. Na so a ce shekara guda ne, Alhaji ya ce kada mu wuce gona da iri, na yi shiru tunda an samu rabi.

Yaron ya gane daga inda iskar ta kaɗo. Da can in ya shigo sai ya zauna a ɗakina ya cinye ragowar abincin ƙannensa muna hira, yanzu daga bakin ƙofa yake cewa "Anti ina kwana" ya juya. Abin na yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Yanzu muna wata na huɗu, ya fara fita aike shi kaɗai, kuma direban ya ce ya daina taka birki a makare.

Sai dai ga bikin 'yar ƙanwar Alhaji ya taso bayan Salla, Zariya za a kai amarya, kuma kun san yadda kai amarya yake, sai bayan isha'i ake tashi, motoci a jere, samari na tsere suna fitar da kai ta taga. Dangi har sun fara lissafa motarsa cikin na 'yan matan amarya, Alhaji kuma ya fara cewa ai rana ɗaya ce, a bar yaro ya fita kunyar 'yan uwansa. Uwargida ta ce makulli na ƙarƙashin filonta, ranar kuwa da shi za ta tafi Zariya a cikin jakarta. Ni kuma na riga na kama wa 'ya'yana wuri a motar direban.